Aikin Tafinta a Shirye-shiryen Raya Karkara: Abin da Muka Lura a Jega, Aliero da Maiyama

Kamar yadda jama'a suka sani, Jihar Kebbi na cikin jihohin da suka amfana da shirin Fadama II na Bankin Duniya wanda ya fara aiki a 2004, da kuma shirin IFAD na raya aikin gona da karkara. Sai dai takardun waɗannan shirye-shirye da Turanci ake rubuta su, alhali manomin albasa na Aliero, da mai noman shinkafa a fadamun Jega, da makiyayin Maiyama, da Hausa ko Fulatanci suke harkokinsu. Tsakanin takarda da manomi akwai mutum ɗaya, wato tafinta, kuma sau da yawa ba a tanade shi ba. Ranar taro ake waiwayawa a kira malamin gona ko wani malamin makaranta a ce ya fassara.

A ganinmu, babbar matsalar tana wajen kalmomin kuɗi. Turanci ya bambanta kyauta, da rance, da tallafin da sai ƙungiya ta zuba nata kason kafin a cika mata. Idan mai fassara ya dunƙule su duka ya ce "taimakon gwamnati", to ya canza yarjejeniyar ba tare da ya sani ba. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Rance ne da ake biya bayan girbi, amma manoma da dama a ƙasar nan sun ɗauke shi rabo, kuma biyan bashin ya zo da wahala. Ba mu ce fassara kaɗai ta jawo haka ba, domin akwai ambaliya, akwai kuma masu gangancin ƙin biya. Amma wanda aka gaya wa "tallafi" a gaban hakimi, da wuya ya yarda daga baya cewa bashi ya ci.

Haka nan batun awo. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya musanya su ya ɓata lissafin taki da iri. Maganin feshi kuwa, kuskuren awonsa kan ƙona shuka, ya kuma cutar da mai feshin.

Ƙasar Sulobakiya, mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuma tun lokacin ake fassara dokokin Tarayyar zuwa harshenta ta hannun ƙwararru masu albashi. Masu jin Hausa sun ninka wannan adadi sau da yawa.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da su sa kuɗin tafinta cikin kasafin kowane taro, a ba shi takardu kwanaki kafin ranar, a kuma rubuta sharuɗɗan rance da boko da ajami. Shugabannin ƙungiyoyin manoma su ma kada su sa hannu ko dangwala yatsa sai an karanta musu adadin kuɗin, da ruwan da ke kansa, da ranar biya.