Ra'ayinmu: Hijabi, Hula Da Lalle A Cikin Aji, Ina Haƙƙinmu Ya Tsaya?



Duk lokacin da aka koma sabon zangon karatu, koke-koken da suka fi yawa a ofishin wannan ƙungiya ba na kuɗin littattafai ba ne, na sutura ne. Wannan uba ya ce an tsayar da 'yarsa a bakin get an ce ta cire hijabi. Wancan ya ce an ƙwace hular ɗansa a wajen taron safe. Wata uwa ta ce an zane 'yarta saboda jan lallen da aka yi mata na Sallah. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda maganar ke ƙarewa. Sau da yawa uba kan fusata ya ce daga yau an daina zuwa, bayan mako biyu sai mu ga yarinyar da tire a ka tana talla a bakin titi. Wanda ya kore ta yana nan a kan kujerarsa yana karɓar albashi, ita kuwa karatunta ya tsaya ke nan. Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu rarrabe wa juna abin da yake haƙƙi ne, da abin da yake na sasantawa, da kuma abin da doka ta hana.

Mu fara da hijabi, tunda shi ne aka kai ƙarshen shari'a a kansa. A shekarar 2013 ne wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar gwamnati a nan Legas, tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, suka kai gwamnatin jiha ƙara saboda hana sa hijabi. A watan Oktoba na 2014 Babbar Kotun jiha da ke Ikeja ta ba gwamnati gaskiya. Ba su yi zuciya ba, suka ɗaukaka ƙara. Ranar 21 ga Yuli, 2016, alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka haɗu baki ɗaya suka soke wancan hukunci, suka ce hana hijabi tauye haƙƙi ne kuma nuna bambanci ne. Gwamnati ta garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 17 ga Yuni, 2022, alƙalai biyar daga cikin bakwai suka tabbatar da cewa ɗaliba Musulma tana da damar sa hijabinta a kan kayan makaranta a makarantun gwamnatin jihar. Wadda ta rubuta jagoran hukuncin ita ce Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda ta zama shugabar alƙalan Nijeriya a 2024. A watan Disamba na 2022 kuma gwamnatin Legas ta fitar da takardar umarni ga makarantunta cewa a bi hukuncin. Daga Kotun Ƙoli kuwa babu wata kotu a gaba. Saboda haka duk malamin makarantar gwamnati da ya ce yarinya ta cire hijabi, ra'ayinsa ne yake faɗa, ba doka ba.

A lura da kyau, shekara tara aka yi ana wannan shari'a, kuma waɗanda suka ɗauki nauyinta akasari 'yan'uwanmu ne Musulmin Yarbawa, masu masaukinmu. Da takarda da lauya da haƙuri suka yi nasara, mu kuma 'ya'yanmu suna cin moriyar. Ya dace mu riƙa tuna wannan duk lokacin da wani ya so ya mai da maganar ta zama faɗan Bahaushe da Bayarabe.

Tushen hukuncin yana cikin tsarin mulkin 1999, kuma muna son kowane magidanci ya haddace lambobin nan kamar yadda ya haddace lambar shagonsa. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da bayyana shi a fili ta hanyar ibada da aiki da shi. Ƙaramin sashe na biyu a ƙarƙashinsa ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini ko shiga bikin ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan ya shafi addu'o'i da waƙoƙin ibada na taron safe. Yaronka zai tsaya a layi cikin ladabi, amma babu mai dukansa don bai buɗe baki ya yi ibadar da ba tasa ba. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa. Sashe na 41 kuma ya ba kowa damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Kakannin wasunmu sun sauka Agege tun zamanin da fataucin goro da jirgin ƙasa suka haɗa Kurmi da Kano, Sabon Ibadan kuwa tun 1916 aka kafa shi. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ubansa yana biyan haraji a nan, ba alfarma ake yi masa ba idan ya zauna a kan bencin makarantar gwamnati.

To amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi iyakar abin. Hukuncin Kotun Ƙoli a kan makarantun gwamnati aka yi shi. Makarantar kuɗi tana da nata ƙa'idojin, waɗanda uba ke sa wa hannu ranar da ya kai ɗansa. Don haka a karanta takarda kafin a sa hannu, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya kawo ofis a karanta masa, kuma a tambayi maganar hijabi tun kafin a biya ko sisi. Haka nan damar sa hijabi ba ta kawar da kayan makaranta ba. Takardar da hukumar ilimi ta Legas ta fitar tun a 2018 ta ce hijabin ya zama gajere, mai tsabta, kuma launinsa ya dace da kayan makaranta. Uwar da ta tura 'yarta da hijabi mai ruwan hoda har ƙasa, alhali kayan makarantar shuɗi ne, ta ba mai neman dalili dalili.

Sai hula da lalle da kitso. Waɗannan al'adunmu ne, muna alfahari da su, amma babu hukuncin da muka riƙe a hannu a kansu kamar na hijabi. A nan baki ne zai yi aiki. Yawancin malaman da ke hukunta yarinya saboda lalle sun ɗauka irin jan farcen kanti ne da ake gogewa da auduga, ba su san cewa lalle sai ya yi makonni kafin ya fita ba. Idan iyaye mata biyar suka je wajen shugabar makaranta kafin Sallah suka yi mata bayani, suka nemi a yi wa yara uzuri na makonnin bayan Sallah, da wuya a ƙi. Mu kuma daga namu ɓangaren sai a bar lallen biki mai hawa har gwiwar hannu zuwa lokacin hutu. Hula kuwa, yaro yana iya sa ta a jaka ya ɗauko lokacin salla, kuma ana iya roƙon a bar shi ya sa ranar Juma'a. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Akwai kuma abin da doka ta hana, ko da an kira shi al'ada. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane a fata, Jihar Legas kuma ta kafa irin tata dokar a 2007. Wanda ya kira wanzami ya yi wa jariri zube ko bille a nan, ya sani ya taka doka, kuma wannan ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

Maganar harshe ita ma tana cikin wannan. Tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Wasu iyaye suna ganin kamar ana so a canja musu 'ya'ya ne. Mu ba mu ga haka ba. Yaron da ya iya Yarbanci ya ƙaru, gobe shi ne zai tsaya wa ubansa a ofishin ƙaramar hukuma ba tare da tafinta ba. Abin tsoro shi ne yaron da ba ya iya karanta wasiƙar kakarsa da Hausa. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ambaci Hausa tare da Ibo da Yarbanci a cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su, kuma ana rubuta jarrabawar Hausa a WAEC da NECO. Inda 'ya'yanmu suke da yawa a makaranta, babu laifi mu rubuta mu nemi a kawo malamin Hausa. Kafin a samu, ajin yamma da muke yi na yaƙi da jahilci a buɗe yake ga yara ranar Asabar.

Haka kuma ranar al'adu da makarantu ke shiryawa. Wasu iyaye kan hana 'ya'yansu zuwa, suna cewa wasan banza ne. Idan ɗanka bai je ba, wani yaro ne za a ɗaura wa tsumma a ka, a ba shi akwatin gyaran takalmi, a ce ga Bahaushe, 'yan aji su yi dariya. A ɗinka wa yaro kaftani da hula zanna, a yi wa yarinya ɗinkin atamfa da ɗankwali, a ba su tuwo da miyar kuka ko fura da kilishi su kai, a koya musu abin da za su faɗa game da marinar Ƙofar Mata da ganuwar Kano da Sarauniya Amina ta Zazzau. A roƙi malami ya bar hoton hawan Sallah a bangon aji kusa da na sauran ƙabilu. Yaron da ya ga abin gidansu a bango ba ya sunkuyar da kai idan an kira shi aboki.

Mu kuma ɗauki darasi daga inda abin ya ɓaci. A Jihar Osun, bayan hukuncin Babbar Kotu na watan Yuni 2016 da ya halatta hijabi, sai aka wayi gari wasu ɗalibai a wata makarantar gwamnati mai asalin mishan a garin Iwo sun zo aji da rigunan coci, aka mai da yara sojojin faɗan manya. A Jihar Kwara gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori a watan Fabrairu na 2021 saboda wannan rikici, a Fabrairun 2022 kuma aka yi arangama a garin Ijagbo har aka yi asarar rai. Mu da muke zaune a tsakiyar mutane, shagunanmu da rumfunanmu a fili, mun fi kowa sanin wanda ke biyan bashin tarzoma. Kuma haƙƙin da muke nema wa 'yarmu, shi ne na 'yar maƙwabcinmu Kirista, har da 'yan'uwanmu Kiristocin Arewa da ke cikin wannan ƙungiya. Wanda ya ce a mutunta hijabin 'yarsa, sai ya hori ɗansa kada ya yi wa addinin wani ba'a.

Saboda haka ga shawararmu. Idan aka kori yarinya ko aka cire mata hijabi, kada a cire ta daga makaranta, kuma kada a tara matasa a je bakin get. A rubuta rana da lokaci da sunan malamin da abin da ya faɗa, a kawo ofis. Za mu haɗa uban da dattijo ɗaya su je wajen shugaban makaranta da wasiƙa da kwafin takardar gwamnati, a sa musu hannu a kan namu kwafin. Idan ba a gyara ba, sai mu rubuta wa gundumar ilimi da makarantar ke ƙarƙashinta, cikin gundumomi shida na jihar, ko hukumar ilimin firamare idan ta firamare ce. Bayan nan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu tsaya wa talaka kyauta. Sa'annan muna roƙon iyaye, maza da mata, su riƙa halartar taron iyaye da malamai. A can ake yanke maganar kayan makaranta da ranar al'adu, kuma ba a yi wa mutum aski ba ya nan sai in shi ya ƙi zuwa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai shi. Wanda ya riga ya cire 'yarsa a zangon da ya wuce, ya zo mu raka shi a mai da ta, da hijabinta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa