Iyakar Bagudo Kasuwa Ce: Kuskuren Auna Arzikin Najeriya Da Mudun Legas

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe da yin kaka-gida a zukatan masu tsara manufofin tattalin arzikin Najeriya, har ya kai ana ɗaukarsa tamkar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. Ra'ayin yana da rassa biyu. Na farko shi ne cewa ƙarfin gogayyar ƙasa, wato iyawarta ta samar da kaya masu inganci a farashin da zai ja hankalin mai saye a kasuwannin duniya, a manyan birane ake gina shi, musamman Legas da tashoshinta na jiragen ruwa. Na biyu kuwa shi ne cewa iyakokin tudu, irin wadda ta haɗa jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin, kafofi ne da arzikin ƙasa yake zurarewa ta cikinsu, don haka maganinsu shi ne a toshe su duk lokacin da gwamnati ta ji jiki. Wannan ra'ayi kuskure ne tun daga tushe, kuma babu inda kuskuren ya fi fitowa fili kamar ƙasar Zagga da sauran gundumomin ƙaramar hukumar Bagudo, inda talakawa suka ɗauki nauyin manufar da ba a taɓa zama da su ba wajen tsara ta.

Tarihin yankin kansa ya ƙaryata masu kallonsa a matsayin ƙarshen duniya. A ƙarni na 19, ayarin fatake da suke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja don sayen goro sukan bi ta Jega, su ƙetare Kogin Kwara a wajajen Illo ko Gaya ko Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har su sauka Salaga, suna ɗauke da kanwa da tufafi da jima, madugu yana gaba, kowane zango kuma yana cin albarkacin saukarsu. Layin da ake kira iyaka a yau ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898, wadda ta raba Bargu gida biyu, ta bar Illo a hannun Ingila, Gaya kuma a hannun Faransa. Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa da suke zaune a gefen nan da gefen can sun ci gaba da auratayya da cin kasuwannin juna, domin alƙalamin Turawa bai iya yanke zumunci ba. Ke nan ciniki ya girmi iyakar da shekaru masu yawa, kuma duk manufar da ta ɗauki cinikin a matsayin baƙo, ta ɗauki shingen a matsayin ɗan gida, ta juya al'amarin ne a baibai.

Abin da ya faru a 2019 ya nuna irin ruɗanin da wannan ra'ayi yake jefa ƙasa a ciki. Ranar 7 ga Yuli na shekarar, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a Yamai a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda manufarta ita ce a rage kuɗin fito da sauran ƙa'idojin da suke hana ƙasashen nahiyar sayar wa juna kaya. Makonni shida kacal bayan haka, ranar 20 ga Agusta, gwamnatin ta rufe iyakokin tudu, duk da cewa a Legas aka kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka amince da ƙa'idar 1979 ta zirga-zirgar jama'a ba tare da tsangwama ba. A watan Nuwamba hukumar kwastan, ƙarƙashin Kanal Hameed Ali, ta ƙara da haramta kai man fetur ga duk gidan man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya rubuta wannan doka a Abuja ɗan sumoga yake hange, amma wanda ta fi faɗawa a kansa shi ne manomin rani da injin ban-ruwansa ya tsaya, da mai injin niƙa, da ɗan acaɓa, da mai kwale-kwalen da ke fito da mutane a Kwara, waɗanda aka tilasta musu doguwar tafiya ko sayen man jarka a farashin da ya fi na birni, alhali laifinsu kawai shi ne an haife su kusa da layi.

Ita kanta ƙasar ba ta ci ribar da aka yi mata alkawari ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashi ta tashi daga kashi 11.02 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa kashi 15.75 a Disamban 2020, na abinci kuma ya haura kashi 19. Gaskiya ne annobar korona da ambaliyar da ta shanye gonakin shinkafar Kebbi a damunar 2020 suna da nasu kason a wannan tsada, amma farashin ya fara hawa ne tun watannin farko na rufe iyakar, kafin a ji labarin annoba ko ambaliya. Kuma ba wannan ne gwaji na farko ba, domin an rufe iyakokin daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, a daidai lokacin fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan El-Buhari. Maganin da aka sha sau biyu bai warkar da ciwo ba ya cancanci a sake duba shi, kafin a sake ɗura wa majiyyaci.

Masu kare rufe iyaka sukan ce fasa-ƙwauri ne ya tilasta wa gwamnati, kuma babu mai musun cewa ana fasa-ƙwauri. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fasa-ƙwauri ɗan tazarar farashi ne, wato bambancin da ke tsakanin kuɗin kaya a gefe ɗaya na iyaka da kuɗinsu a ɗaya gefen, kuma a ofisoshin Abuja ake ƙirƙirar wannan tazara. A 2013 Najeriya ta ɗaga harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 110 cikin 100, a 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa, samun dala a farashin gwamnati, a 2016 kuma aka haramta shigo da shinkafa ta tudu baki ɗaya, alhali Benin tana karɓar harajin da bai kai rabin na Najeriya ba a tashar Kwatano. Tun a 1992 masanan Benin, John Igue da Bio Soule, suka siffanta ƙasarsu da ƙasar sito, wato wadda take rayuwa da sauke kayan waje ta ajiye don ta tura wa maƙwabciyarta. Manyan 'yan kasuwar da suke yo odar jirage cike da shinkafar Tailan da Indiya ba a Zagga ko Ka'oje suke kwana ba; yaron da ya ɗauro buhu biyu a bayan babur shi ne ƙarshen sarƙa, kuma kama shi a bar masu jirgi daidai yake da barin jaki ana dukan taiki.

Man fetur ya ba da hujjar da ta fi kowacce ƙarfi. Shekara da shekaru ana shinge ana kama jarkoki, man bai daina ƙetarawa ba, domin tallafin gwamnati ya sa ya fi araha a Najeriya nesa ba kusa ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, cikin 'yan kwanaki farashin man kwalba da ake sayarwa a bakin titunan Benin ya yi tashin gwauron zabo. Ko me za a ce game da raɗaɗin da janye tallafin ya jawo wa talaka, kuma raɗaɗin babba ne, ya tabbatar da cewa farashi ne yake tuƙa sumoga, yawan shingaye ba ya tsayar da ita. Haka nan a Yulin 2024 gwamnatin tarayya da kanta ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150, bayan shekarun da aka kwashe ana faɗa wa mutanen bakin iyaka cewa shigo da ƙwayar shinkafa zagon ƙasa ne.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce kare manomin Kebbi, kuma ita ce ta fi shiga rai, domin a Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki ranar 17 ga Nuwamba 2015, a Argungu aka buɗe masana'antar casa ta WACOT a 2017, kuma sunan jihar ya zama ɗaya da noman shinkafa. Amma abin da yake hana manomin fadamar Bagudo gogayya da na Tailan shi ne tsadar taki da man ban-ruwa, da rashin wutar lantarki, da ambaliyar da ke zuwa ba tare da inshora ba, da hanyar da ke cinye ribar buhu kafin ya isa kasuwa. Rufe iyaka bai rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya yi shi ne ɗaga farashi na wani lokaci, kuma kaso mafi tsoka na wannan ƙari ya tsaya ne a hannun masu jarin saye su ɓoye, yayin da shi manomin, wanda yakan sayar da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tun da kaka don biyan bashi, yake komawa kasuwa da bazara ya sayi abinci da tsada. Manomin kuma yana da albasa da dabbobi da busasshen kifi da yake son sayarwa a ƙetare, don haka ƙofar da aka rufe wa shinkafar waje shi ma an rufe masa ita.

Batun birane ma yana buƙatar gyara. Babu mai hankalin da zai yi baƙin cikin tashar ruwa mai zurfi ta Lekki, wadda aka buɗe a Janairun 2023 bayan kashe kimanin dala biliyan 1.5, ko matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana. Abin ƙi shi ne tunanin cewa birni yana tsayuwa da ƙafarsa shi kaɗai. Shinkafar Lake Rice da ta sauƙaƙa wa mutanen Legas farashi a Disamban 2016, ƙarƙashin haɗin gwiwar gwamnoni Akinwunmi Ambode da Atiku Bagudu, daga fadamun Kebbi ta fito, kuma katafariyar masana'antar casa ta Imota ba za ta yi aiki ba sai da shansherar da ake nomawa nesa da Legas. Duk da haka, a Seme aka gina ofishin iyaka na haɗin gwiwa da Benin, wanda aka buɗe a Oktoban 2018, inda jami'an ƙasashen biyu suke duba kaya a wuri ɗaya. Da aka tashi buɗe iyakoki ranar 16 ga Disamba 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka ambata. Kamba sai a Afrilun 2022, tare da Idiroko da Jibiya da Ikom. Tsamiya kuwa, ƙofar Bagudo zuwa Segbana ta Benin, ba ta cikin jerin farko, ba ta cikin na biyu.

Ƙasashen da suka yi fice a ciniki ba haka suka ɗauki iyakokinsu ba. Shenzhen ƙaramin gari ne a bakin iyakar Hong Kong kafin Sin ta mayar da shi yankin tattalin arziki na musamman a 1980, wato yankin da aka sassauta haraji da dokoki don jawo masu zuba jari, kuma kusancinsa da iyaka shi ne jarinsa na farko. Laredo, a kan iyakar Amurka da Meziko, ba ta da teku, amma darajar kayan da suke ratsa ta tana gogayya da ta manyan tashoshin ruwan Amurka. Bagudo tana da irin wannan dama gwargwadon matsayinta. A gabanta akwai lardin Alibori, cibiyar noman audugar Benin, da babbar kasuwar Malanbil. A arewa akwai Kamba da Gaya da Nijar, ƙasar da ba ta da teku. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka toshe gadar Malanbil zuwa Gaya, taswira ta nuna wa kowa cewa hanyar Segbana zuwa Tsamiya zuwa Kamba tana cikin mafiya kusa da za su haɗa Kwatano da Nijar.

Saura hujjar tsaro, wadda ɓullar 'yan bindigar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi ta ƙara wa nauyi, kuma ba abin wasa ba ce. Sai dai ɗan bindiga ba ya bin ƙofar kwastan, ko a buɗe take ko a rufe. Idan aka rufe hanyar hukuma, ciniki yakan koma hanyoyin daji da mashigan kogi, inda babu rajista babu rasit, kuma a nan ne kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali yake komawa aljihun mai karɓar na goro da mai riƙe da makami. Matashin da aka raba da sana'ar dako ko lodin mota shi ne mafi sauƙin ruɗa. Iyakar da ke buɗe, mai haske da na'urar duba kaya da jami'ai masu isasshen albashi, ta fi ba hukuma damar sanin wa ya shiga, wa ya fita, da me yake ɗauke.

Abin da ya wajaba a yi a bayyane yake. A ba Tsamiya matsayin ƙofar ciniki ta dindindin, wadda doka za ta kare daga rufewa da sanarwar dare ɗaya, a gina mata ofishin haɗin gwiwa irin na Seme. A sauƙaƙa takardu ga ƙananan 'yan kasuwa, musamman mata masu sayar da amfanin gona, a rage shingayen da ke tsakanin gadar Tuga da iyaka. A haɗa Zagga da Bagudo da Illo da Ka'oje da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, don kada ta zama hanyar da manyan motoci za su riƙa wucewa suna bar wa mutanen yankin ƙura. A daidaita harajin shinkafa da na maƙwabta ta hanyar zaman sulhu, sannan a zuba jarin kare manomi a ban-ruwa da lantarki da rumbunan ajiya. Wakilan Kebbi a Majalisar Tarayya, da gwamnatin jiha, da Masarautar Gwandu, su ne ya fi cancanta su riƙe wannan magana har ta zama doka. Najeriya ba za ta iya neman kasuwar Afirka da hannun dama tana garƙame ƙofar Afirka da hannun hagu ba, kuma ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi a ƙasar Bagudo take.