Sanam: A adana shaida tun kafin alƙali ya nema

Ɗan Kurfai da ke cirani a Abijan ko Kotonou yakan sayi gona a Sanam ba tare da ya taka ƙasar ba. Ya yi ciniki da muryarsa a WhatsApp, ya turo kuɗi ta Nita ko Al Izza, ɗan'uwansa ya ɗauki hoton takardar shaidar saye ya aika masa. Shekaru biyar bayan haka mai sayarwa ya rasu, magada suka ce jingina ce aka yi. Wayar da ke ɗauke da muryar ta lalace, rasit ya ɓace, takardar asali kuma tana wani kabad da ba a san wa ke riƙe da makullinsa ba. A irin wannan hali ne mai gaskiya ke rasa gonarsa.

Nijar ba ta rasa dokoki kan wannan batu ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da aka fi sani da COFO, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye, domin rubuta saye, kyauta, aro, haya da jingina. Rikicin gona kuma yana fara zuwa gaban mai gari ko sarki don sulhu, a rubuta abin da aka cimma ko aka kasa cimmawa, sannan a wuce kotu. A 2019 ƙasar ta yi dokar ma'amaloli ta hanyar na'ura, wadda ta buɗe ƙofar karɓar rubutun kwamfuta a matsayin hujja, matuƙar an san mai shi kuma an tabbatar ba a taɓa shi ba. Dokokin OHADA, da Nijar take cikinsu, sun wajabta wa 'yan kasuwa ajiye takardun lissafi har shekara 10. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari: wa ke ajiyewa, a ina, har yaushe, kuma wa zai miƙa ranar da alƙali ya nema.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. Wata ma'aikaciya, Laura Zubulake, ta maka bankin UBS Warburg a kotu a New York kan nuna bambanci, sai aka gano an goge wasu saƙonnin imel bayan bankin ya san shari'a na tafe. Alƙaliya ta ce ana iya ɗaukar saƙonnin da suka ɓata a matsayin hujja a kan bankin, kuma a 2005 aka yanke masa biyan kusan dala miliyan 29. Tsarin shari'ar Nijar, wanda ya samo asali daga na Faransa, ya bambanta da na Amurka, amma a nan ma alƙali na iya umartar a kawo takarda, kuma wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja.

Sanam tana da dalilai na musamman na gaggawa. Ƙaramar hukumar tana cikin gundumar Abala, wadda aka yanka daga Filinge a 2011, don haka tsofaffin takardu na iya kasancewa a Filinge, sababbi a wani wuri. An sa gundumar cikin dokar ta-ɓaci a 2017, kuma matsalar tsaro ta raba mutane da garuruwansu, ciki har da dattawan da su ne shaidun iyakar gonaki. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Duk lokacin da ofis ya sauya hannu, bayanan da ke cikin wayar tsohon jami'i ko kwamfutarsa na iya tafiya tare da shi.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ma'aikatar magajin gari da COFO su ɗauki hoton kowace takardar fili, a sa mata lamba da kwanan wata, a ajiye kwafi ɗaya a Sanam, ɗaya a hedikwatar gunduma, ɗaya a Tillaberi ko Yamai. A naɗa mutum guda da sunansa a kan aikin, a rubuta tsawon lokacin ajiye kowane irin bayani, a kuma sa miƙa bayanan na'ura cikin takardar miƙa aiki. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin rikici, a haramta goge duk abin da ya shafe shi. Ƙungiyoyin manoma, asusun adashe na mata da ƙungiyoyin agaji su ma su bi wannan hanya, tare da kiyaye sirrin mutane, domin jerin sunayen masu dukiya a yankin da ke da 'yan bindiga abu ne mai haɗari idan ya fita.

Su kuwa matasa da 'yan cirani, kada su dogara da hoton allon waya kaɗai, don yana da sauƙin musantawa. Su ajiye saƙon asali da lambar turo kuɗi, su kashe tsarin saƙo mai ɓacewa a hirar ciniki, su kuma nace sai an rubuta cinikin a COFO kafin su biya ragowar kuɗi.