Sharhi: Fim ɗin Sarauniyar Lugu da 'yan Arewa suka fi kowa cancantar gani

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, sunan Sarauniya Mangu ya sake cika bakunan jama'a a Jamhuriyar Nijar. Ana ambatonta a jawabai da zanga-zangar adawa da Faransa, har hukumomin mulkin soja suka ƙirƙiro lambar girmamawa mai ɗauke da sunanta.

Sai dai fim ɗin da ya kai sunan wannan baiwar Allah kunnen duniya, wato Sarraounia na shekarar 1986, bai samu irin wannan gata ba. A Dogondutsi da Tibiri da Matankari, inda tarihin ya faru, abu ne mai sauƙi ka samu matashin da ya haddace finafinan Indiya na fassarar Hausa, amma bai taɓa ɗora ido a kan wannan fim ba.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

A farkon shekarar 1899 ne ayarin sojojin Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya nufi tafkin Chadi, yana ƙona garuruwa da kashe mutane a kan hanya. A watan Afrilu suka iso Lugu, wadda a yau take cikin gundumar Dogondutsi, inda Sarauniya da mutanenta suka ƙi miƙa wuya suka fuskance su da kwari da baka.

Bayan nan ayarin ya yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta turo ya karɓe ragamar ayarin. Kwanaki kaɗan bayan haka, sojojinsu baƙar fata suka kashe Voulet da Chanoine a yankin Tasawa.

Marubuci ɗan Nijar Abdoulaye Mamani, wanda ya yi gwagwarmaya a jam'iyyar Sawaba, shi ya mayar da wannan tarihi littafi a 1980. Daga littafin ne Med Hondo, ɗan ƙasar Mauritaniya, ya shirya fim ɗin, 'yar wasan Burkina Faso Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu.

Yadda fim ɗin ya kuɓuce wa Nijar

Da farko a Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin, amma aikin ya wargaje a zamanin mulkin Janar Seyni Kountché. Gwamnatin Thomas Sankara ce ta buɗe wa Med Hondo ƙofa, aka ɗauki fim ɗin a Burkina Faso.

Wannan sauyin wuri ya bar tabo har yau. Sarauniyar Lugu Bahaushiya ce, amma a fim ɗin ba Hausa ce ta mamaye zance ba, harsunan Jula da Faransanci ne suka fi yawa. Ke nan tsohuwar da ke zaune a Lugu ko Bagaji, ko da an kunna mata fim ɗin, sai ta nemi tafinta kafin ta fahimci abin da ake faɗa da sunan kakanninta.

A Faransa ma bai daɗe a gidajen sinima ba, lamarin da ya sa wasu fitattun masu shirya finafinai suka fito suka koka a lokacin. Med Hondo ya rasu a birnin Paris a watan Maris na 2019.

Ba shi kaɗai aka manta ba

Nijar na cikin ƙasashen da suka fara harkar fim a Afirka ta Yamma. Oumarou Ganda ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane ya yi suna da zane mai motsi tun shekarun 1960. A baya-bayan nan akwai Sani Magori ɗan Galmi da Aïcha Macky 'yar Damagaram, waɗanda finafinansu na gaskiya suka zaga bukukuwan duniya, kuma da Hausa mutanen cikinsu ke magana.

A watan Oktoban 2024, hukumomi sun cire sunan Jean Rouch daga tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Yamai, suka sa na Moustapha Alassane. Mataki ne da ya yi wa mutane da dama daɗi, amma sauya allon suna bai kai fim ko ɗaya wayar ɗan makaranta a Dankasari ba.

Muhawarar da ba za a kauce mata ba

Duk wanda zai kawo fim ɗin Arewa, ya san cewa zai tayar da zance. Sarauniya shugabar Azna ce, masu bin addinin gargajiya, kuma har yanzu sarautar tana nan a Lugu. Fim ɗin ya kuma nuna wasu sarakunan yankin a matsayin waɗanda suka zaɓi sulhu da Turawa ko suka yi wa Sarauniya ƙiyayya, abin da zuriyarsu ba lallai su amince da shi ba.

Masana tarihi su ma sun nuna cewa littafin Mamani ya ƙara wa labarin gishiri, domin aikin adabi ne da aka rubuta don zaburar da 'yan Afirka. Wannan bai zama hujjar ɓoye fim ɗin ba. Idan aka nuna shi a filin makaranta, sannan dattawan Lugu da na Matankari da malaman tarihi suka faɗi abin da suka gada daga bakin magabata, matasa za su fita da ilimin da ya fi na kirarin zanga-zanga.

Abin da ya rage a yi

A watan Maris na 2025, sabon kundin da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan da gaske ake, fassara Sarraounia zuwa Hausa na cikin ayyuka mafi sauƙi da za su tabbatar da hakan.

Ƙwarewar tana nan kusa. Kamfanoni irin su Algaita a Kano sun daɗe suna sa wa finafinan Indiya muryar Hausa, kuma masu tura finafinai a waya suna kai su har ƙauyuka. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun ta'asar Voulet a Nijar, an riga an yi masa fassarar Hausa.

Abin da ake buƙata shi ne hukumar kula da finafinai ta ƙasa ta nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin, a samo kwafi mai kyau, a ɗora masa murya da Hausar Arewa, sannan gidan talabijin na Télé Sahel ya haska shi. Nunin farko kuwa Lugu ya kamata a kai shi, a gaban Sarauniya mai ci da jama'arta, kafin Yamai.