Ra'ayinmu: Motar Zuwa Gida

Duk ɗalibin da ya fito daga Ƙaraye ko Rogo ya san wahalar hutu tun daga tasha take farawa. Zai yi sammako ya shiga mota, amma direba ba zai tashi ba sai ta cika maƙil, mutum huɗu a kujerar mutum uku, sa'an nan a kama hanyar Gwarzo. Wanda ƙauyensu ke nesa da titi kuwa, in ya sauka sai ya nemi ɗan acaɓa, wani lokaci bayan magariba.

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur cikin watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Ba mu ga laifin direbobi ba, su ma sayen man suke yi. Amma ɗan talaka da ke lissafin kuɗin rajista da na abinci, yanzu har ganin iyayensa ya zama abin lissafi.

Ƙasar da ke ɗauke da madatsar ruwa ta Challawa tun 1992, take kuma ciyar da birni da amfanin gona, ta cancanci motar gwamnati mai tashi kan lokaci da kuɗi ƙayyadadde.

Kafin nan, muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin biyu su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota ranar da aka ba da hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.