Karayar da Ta Fi Ƙarfin Maɗori

A ƙasar Hausa, da zarar an ce karaya, hankalin jama'a kan koma ga maɗori. To, amma akwai karayar da ba ta ɗoruwa da kara da tsumma, wato ta gindin ƙoƙon kai, ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kansa. Haɗarin babur da faɗowa daga bisa su ne kan gaba wajen haddasa ta. Ya kamata a riƙa koyar da alamominta a darasin bayoloji, domin wanda ke fara isa wurin haɗari ɗan makaranta ne ko mai wucewa, likita sai daga baya.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Jini kan fito ta kunne, ko kewayen idanu biyu ya yi baƙi. Wani lokaci jini kan taru a bayan kunne, alamar da likitan fiɗa na Ingila, William Battle, ya bayyana a 1890. Sai dai takan yi kwana ɗaya zuwa uku kafin ta fito, saboda haka rashinta a ranar farko ba shaidar lafiya ba ce.

Wadda ta fi yaudara ita ce ruwa garai da ke ɗiga ta hanci ko kunne. Sai a ɗauka majina ce, alhali kuwa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne yake yoyo, saboda tantanin da ya lulluɓe ta ya yage. Ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta kan shiga su jawo sanƙarau. Nan ne tausayi ke yin ɓarna: wannan ya cusa auduga, wancan ya ɗiga mai a kunne, wani kuma ya ce a fyace. Duk kuskure ne. Abin yi shi ne a rufe wurin da tsaftataccen ƙyalle ba tare da toshewa ba, a hana wuya motsi, a garzaya asibiti.

Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna wannan karaya. Na'urar CT, wadda aka fara duba majiyyaci da ita a Landan a 1971, ita ke tabbatar da ita. Galibi ƙashin kan haɗe da kansa, yoyon kuma ya tsaya cikin mako guda idan majiyyaci ya kwanta an ɗan ɗaga masa kai. Idan yoyon ya ƙi tsayawa, ko jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, sai a yi tiyata.