Lisansin koyarwa da fasaha: a haɗa alli da guduma tun shekarar farko

Kowace shekara, in sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, dubban samari da ƴan mata kan nufi jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wasu na son zama injiniyoyi, wasu malaman makaranta. Amma akwai wani ma'aikaci da ƙasa ke bukata ƙwarai, wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne malamin fasaha, wato mutumin da ya san inji ciki da waje, ya kuma san hanyar sanar da yaro shi. Cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe cikin gundumomi, da manyan makarantun fasaha irin Ɗan Kasawa ta Maraɗi da Isa Beri ta Yamai, duka a wuyan wannan malami suke rataye. Don haka tsarin karatun da zai fitar da shi, wato lisansi mai haɗa ilimin koyarwa da fasaha, magana ce da ta shafi iyayen yara da ma'aikatan gwamnati, kamar yadda ta shafi malaman jami'a.

Tun 2007 ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da tsari guda na karatun jami'a. Bisa wannan tsari, lisansi shekara 3 ce, an raba ta zango 6, ɗalibi kuma sai ya tara maki 180 da ake kira kiredi kafin a ba shi takardar shaida. Shekara 3 ba ta da yawa ga wanda ake so ya fito da sana'a biyu. A maƙwabciyar ƙasa Nijeriya, jami'o'in Bauci da Minna suna ba da irin wannan digiri cikin shekara 5, har da watannin da ɗalibi ke yi a masana'anta da waɗanda yake yi yana gwajin koyarwa. Masu shakka suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu abin dubawa ce. In aka ɗebo rabin darussa daga sashen kimiyya, aka ɗebo rabi daga makarantar horon malamai, aka jera su kawai cikin jadawali, to ɗalibi zai koyi lissafin lantarki da safe, ya koyi halayyar yara da marece, ba tare da ɗayan ya taɓa gamuwa da ɗayan ba. Ranar da ya fito, masana'anta ta ce bai ƙware ba, makaranta ta ce bai iya aji ba, a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Tarihin Nijar yana da abubuwa biyu da suka isa su haska wa masu tsara wannan karatu hanya.

Na farko shi ne rayuwar Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, wanda kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Masanin kimiyyar fizik ne, amma littafin da ya fara fito da sunansa, a 1964, kan ilimi da tarbiyya a Afirka ya rubuta shi. A ciki ya nemi a koyar da yara cikin harsunan iyayensu, a kuma ɗaure makaranta da aikin da jama'a ke rayuwa da shi. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, na tace ruwa da na dafa abinci da zafin rana. Mutum ɗaya ne ya riƙe alli, ya riƙe ƙarfe, kuma kowane ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Na biyu shi ne talabijin na makaranta, wanda aka soma a 1964 da taimakon Faransa. A Yamai ake shirya darussa, a watsa su zuwa azuzuwa wajen 20 na gwaji, inda masu kula da yara ba su wuce takardar firamare da ɗan gajeren horo ba. Baƙi sun zo daga ƙasashe da dama don su ga wannan abin mamaki, har an gwada kunna akwatunan da faifan hasken rana. Duk da haka shirin bai game ƙasa ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, gidan talabijin na ƙasa ya gaji kayansa. Kuɗin tafiyar da shi sun yi nauyi, yawancin ƙwararrunsa daga waje suke, malaman makarantun gwamnati kuwa da yawansu kallon shirin suke daga nesa. Darasin a fili yake: na'ura komai kyanta, in babu malamin ƙasa da ya san cikinta, ya kuma san amfaninta a aji, kwananta ƙidayayye ne. Abin da ya sami akwatin talabijin jiya yana iya samun kwamfuta da wayar hannu yau.

To, yaya ya kamata a shimfiɗa shekarun 3?

A shekarar farko a aza tushe: lissafi, fizik, zanen fasaha da aiki da kwamfuta. Amma tun makon farko ɗalibi ya shiga ɗakin aikin hannu, ya auna, ya yanke, ya haɗa waya, ya kwance inji ya mayar. A wannan shekara kuma a riƙa kai shi wata makarantar sana'a ya zauna bayan aji, ya ga yadda tsohon malami ke fama da yara masu yawa da kayan aiki kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga aji tun farko, ko dai ya so aikin ya dage, ko ya gane ba nasa ba ne ya sake hanya tun gwamnati ba ta kashe masa kuɗin shekara 3 ba.

A shekara ta biyu ɗalibi ya zaɓi reshe ɗaya ya riƙe shi gam: ko lantarki da ƙarfin rana, ko kanikanci da injunan ban ruwa, ko gini, ko kwamfuta da sadarwa. Nan ne ya kamata darussan koyarwa su shiga cikin na fasaha. Ranar da ya koyi yadda batir ke ɗaukar wuta daga faifan rana, a ranar ce zai shirya darasin da zai bayyana wa yaro ɗan shekara 14 wannan abu, ya gabatar da shi gaban abokansa, su yi masa gyara. Wanda zai koya masa dabarun koyar da lantarki, wajibi ne shi ma ya san lantarki. A nan kuma za a koya masa kiyaye lafiyar yara a wurin aiki, domin kuskuren ɗakin walda yana iya cin ido ko yatsa.

Shekara ta uku ta fita waje ce. Zango ɗaya ya yi shi a wurin aiki na gaske, ko matatar man fetur ta Damagaram da aka buɗe a 2011, ko masana'antar siminti ta Malbaza, ko tashar lantarkin rana ta Goru Banda da ta soma aiki a 2023, ko ma garejin wani ƙwararren bakanike cikin gari. Zango na biyu ya riƙe aji da kansa ƙarƙashin idon gogaggen malami. Jarrabawar ƙarshe ta zama abu biyu a haɗe: na'urar da ya ƙera ko ya gyara da hannunsa, tana aiki gaban alƙalai, da darasin da ya koyar da yara a kanta. Wanda ya faɗi ɗaya, bai ci ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba za su kawo ba, sai masu tsara karatu sun sa shi da kansu. A ƙasar da zafin bazara kan wuce awo 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga kowace kafa, gyara da kula da kaya darasi ne mai zaman kansa. Famfunan da suka tsaya a karkara da faifan ranar da ƙura ta rufe sun isa shaida. Haka nan ɗalibi ya koyi ƙera kayan koyarwa da abin da ake samu a kasuwar garin da aka tura shi, ya kuma iya amfani da kwamfuta a inda babu intanet.

Sai maganar harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Yawancin waɗanda malamin fasaha zai tarar a cibiyoyin sana'a, yara ne da suka bar makaranta da wuri, da ƴan koyon aiki na gareji, da manyan da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Malamin da bai iya bayyana ƙarfin wuta da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci ba, rabin ajinsa zai bari a baya. Ya dace a sa darasin kalmomin fasaha cikin harsunan ƙasa, a tattara waɗanda maƙera da kanikawa suka riga suka raɗa, a daidaita su, a buga.

Tsari a takarda kuwa bai isa ba. Ɗakin aiki yana cin waya, ƙarfe, katako da mai kowane mako, kuma in ba a ware kuɗinsu cikin kasafin shekara ba, aikin hannu zai koma zane a allo. A buɗe ƙofa ga ƴan mata tun wurin ɗauka, domin yarinyar da ta ga mace tana koyar da lantarki ta san hanyar a buɗe take gare ta. A kuma tuna cewa wanda ya ƙware haka, kamfanoni za su yi zawarcinsa. In albashi da matsayinsa ba su riƙe shi a aji ba, gwamnati ta yi shuka wani ya girbe.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gona da ofis ba za su ɗauke su duka ba, sana'ar hannu ce za ta ciyar da da yawansu. Malami ɗaya da aka horar da kyau, ɗaruruwan yara za su bi ta hannunsa kafin ya yi ritaya, wanda aka horar da rabi-rabi shi ma haka. Saboda haka ya wajaba ofisoshin ministocin ilimi, jami'o'i, masu masana'antu da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a su zauna wuri ɗaya kafin a rubuta jadawalin darussa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba masu wannan nauyi ikon sauke shi.